Tayar ƙasar ƙanƙara a kan hanyar Buza: karanta jikin taya kafin ka biya kuɗi

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban rumfar masu sayar da tayoyin okaziyo a bakin babbar hanyar da ta ratsa Madawa ya san yadda cinikin yake tafiya. Mai saye zai zura yatsa cikin zanen taya ya ji zurfinsa, ya danna robar ya ji laushinta, sai hankalinsa ya kwanta. A cikin tulin, wadda ta fi ɗaukar ido ita ce mai zane mai zurfi, mai ƙananan tsage-tsage birjik kamar an bi ta da reza. Ita ake fara ɗauka, har a ƙara mata kuɗi. To amma sau da yawa wannan taya ba don ƙasarmu aka ƙera ta ba. Juya gefenta ka duba. In ka ga ɗan hoton dutse mai kawuna uku da wani abu kamar tauraro a cikinsa, wannan tauraron hoton ƙwayar dusar ƙanƙara ne, tayar kuwa ta hunturun Turai ce, wadda Faransawa ke kira pneu hiver.

Ni kaina na taɓa faɗawa wannan rami, duk da karatun Faransancin da nake taƙama da shi. Na sayi guda biyu a farkon bazara, ina murna na yi tsintuwa. Kafin ruwan fari ya sauka sun suɗe kamar tafin hannu. Mai sayarwar bai yi mini ƙarya ba. Komai yana rubuce a jikin tayar, ni ne ban karanta ba.

Yadda ta iso nan

A ƙasashen sanyi, mai mota yakan ajiye tayoyi kashi biyu, na rani da na hunturu, yana sauyawa sau biyu a shekara. A wasu wuraren doka ce ta tilasta haka. Tun ranar 1 ga Nuwamban 2021 Faransa ta wajabta wa masu mota a yankunanta na duwatsu su sa tayar hunturu ko su riƙe sarƙar da ake ɗaura wa taya, daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris na kowace shekara. Jamus ma ta hana hawa hanya mai ƙanƙara ba tare da irin wannan taya ba. A Ostiriya, in zurfin zanenta ya gaza milimita 4, doka ba ta ƙara lissafa ta a matsayin tayar hunturu, alhali tayar rani ana barinta a Turai har zanenta ya sauka zuwa milimita 1,6.

Nan gizo ke saƙa. Bature yana cire tayar hunturunsa tun tana da sauran zane mai kyawun gani, domin ta daina yi masa amfani a kan ƙanƙara. Ita ce ake tarawa a kwantena a turo Afirka ta Yamma, ta sauka a tashoshin ruwa irin na Kwatano da Lome, ta bi manyan motoci har kasuwanninmu. Wata kuma a ƙafar mota take zuwa: motar da aka loda a jirgi daga Beljiyam cikin watan Janairu da takalman sanyinta take isowa. Motocin Japan su ma sukan zo da irinta, an rubuta Studless a gefe. Maƙwabciyarmu Najeriya ta sa tsofaffin tayoyi cikin jerin kayan da ta haramta shigowa da su, ko da yake duk mai zuwa kasuwannin bakin iyaka ya san takarda daban, abin da ke ƙasa daban.

An haɗa robar tayar hunturu ne don kada ta sandare idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7. Shi ya sa take da laushi. Ƙananan tsagogin nan kuwa aikinsu su buɗe su ciji ƙanƙara. Yanzu kawo ta Adar a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura digiri 40 a inuwa, kwalta kuwa da tsakar rana ta kan wuce 60. Robar da aka yi don sanyi sai ta ƙara sakewa. Tana cinyewa da sauri, motar tana yawo a kan kwana kamar ba ta taka ƙasa sosai ba, in ka taka birki sai ta ƙara tafiya kafin ta tsaya. Tazarar mita kaɗan ce, amma a kan hanyar da jaki, amalanke ko ɗan kabu-kabu ke iya ɓullowa daga bayan kowace bishiya, mita kaɗan ɗin nan ita ce tsakanin "Allah ya kiyaye" da zaman makoki.

Wani zai ce ai mu ma muna da hunturu. Gaskiya ne, sanyin Disamba da Janairu a Keita yana fasa leɓe, yana sa tsofaffi kwana gaban wuta. Amma wannan sanyin asuba ne, kuma da wuya ya kai inda tayar ke buƙata. Kafin azahar rana ta gasa hanya. Babu wata guda cikin goma sha biyu da wannan taya ke da rana a jahar Tawa.

Gane ta ba wuya. Ban da hoton dutsen, sunanta yakan tona ta: Winter, Snow, Ice, Alpin, Blizzak, UltraGrip, Sottozero, Hakkapeliitta. In ka ga ƙananan ramuka jere a kan zanen, gurbin ƙusoshi ne da aka cire, irin tayoyin da ake hawa a Finlan da Suwidin. Sai dai a yi hattara da haruffan M+S, waɗanda ke nufin laka da ƙanƙara. Tayoyin Hilux da Land Cruiser masu yawa suna ɗauke da su, wasu ma har da hoton dutsen, alhali robarsu mai tauri ce, an yi su don kowace irin hanya. Haka ma tayoyin da aka rubuta wa All Season ko 4 Saisons, waɗanda ke tsaka-tsaki. Saboda haka alama ɗaya ba ta yanke hukunci. Haɗa uku: suna, laushin roba, da yawan tsagogi.

Lambobin da ke gefe

Mu ɗauki rubutun da ke jikin tayar Corolla da yawa: 195/65 R15 91H. Lamba ta farko, 195, faɗin tayar ne a milimita. Ta biyu, 65, ba milimita ba ce, kaso ne: tsayin gefen tayar kashi 65 cikin 100 ne na faɗinta, wato kusan milimita 127. Harafin R yana nuna yadda aka shimfiɗa zaren cikinta, irin ƙirar da kusan duk ƙananan motocin yau ke amfani da ita. Sai 15, girman ƙarfen da tayar ke zama a kai, wanda makanikai ke kira janti, a ma'aunin inci. Tayar 15 ba ta hawa jantin 14 ko 16, ko da wane irin ƙarfi mai faci ya sa.

Girman da ya dace da motarka ba a bakin mai sayarwa yake ba, ba kuma lalle ya zama wanda ke ƙafar motar yanzu ba, domin mai ita na farko yana iya sauyawa. Buɗe ƙofar direba ka duba jikin ginshiƙin, akwai ƴar takarda manne da ke nuna girman taya da yawan iskar da take sha. A wasu motocin tana cikin murfin tankin mai.

Direbobinmu suna son ɗaga mota, kuma suna da hujja, domin ƙaramar motar da aka yi don titunan Turai cikinta yana dukan ƙasa a hanyoyinmu. Sai a cire 195/65 a sa 205/70. Bari mu yi lissafi. Tsayin ta farko gaba ɗaya kusan milimita 635 ne, ta biyu 668. Motar ta tashi da abin da bai kai santimita 2 ba, amma tayar ta ƙaru da fiye da kashi 5 cikin 100. Agogon gudu zai riƙa nuna ƙasa da gudun da kake yi, motar za ta yi nauyin tashi a hawan dutse, kuma in an yi lodi tayar tana iya gogar jikin mota a kan gargada har ta yanke. Abin da masu sana'ar suka saba bi shi ne kada bambancin ya wuce kashi 3 cikin 100. In za a kuskure, gara a kuskure wajen gefe mai tsayi da a koma ga siraran tayoyin gayu irin 45 ko 40 da samari ke so. Waɗannan rami ɗaya ya ishe su, su da jantin.

Lambar da aka fi rainawa ita ce 91. Ba kilo 91 take nufi ba, lamba ce da ke da ma'anarta a jadawalin da duk masu ƙera taya suka yarda da shi. 82 na nufin taya ɗaya tana ɗaukar kilo 475. 88, kilo 560. 91, kilo 615. 95, kilo 690. 100, kilo 800. 106, kilo 950. 112, kilo 1120. Tayoyi huɗu masu lamba 91 ke nan suna ɗaukar kilo 2460, har da nauyin motar kanta, kuma sai in nauyin ya rabu daidai, abin da ba ya faruwa, domin kaya a baya ake jibge su. Buhun albasa irin wanda ake cikawa a Galmi da fadamar Tarka yana haura kilo 100. Ƙirga buhu nawa ake ɗora wa ƙaramar mota ranar kasuwa, ka ƙara fasinjoji, ka ƙara akuyoyin da ke sama.

Motar haya irin Hiace tayarta ta asali tana da harafin C, misali 195 R15C 106/104, sau da yawa da 8PR a kusa. C ɗin yana nuna tayar motar sana'a ce, mai ƙarfin gefe. Lamba ta farko, 106, nauyin da take ɗauka ne in ita kaɗai ce a gefe, ta biyu kuwa in an jera su biyu-biyu. Wanda ya sa wa Hiace tayar ƙaramar mota mai lamba 91 don ya ga ita ma 15 ce kuma ta fi araha, ya rage wa kowace ƙafa kilo 335. Motar za ta tashi daga tasha lafiya lau. Tayar za ta yi ta lanƙwasa tana ɗaukar zafi a ciki, sai an yi nisa, ana tsakiyar gudu, ta tarwatse. A ra'ayina, wannan shi ne abu na farko da shugabannin tasha da ƴan sandikan direbobi ya kamata su riƙa dubawa kafin a yi lodi, tun kafin a kai ga jandarma. A motocin da suka fito daga Amurka, LT ne ke madadin C. XL ko Reinforced kuwa tayar ƙaramar mota ce da aka ɗan ƙara wa ƙarfi, ba ta kai C ba.

Harafin ƙarshe gudun da tayar ke jurewa ne: Q kilomita 160 a awa, S 180, T 190, H 210, V 240. Babu mai hankalin da zai yi wannan gudu tsakanin Madawa da Ƙonni, amma harafin yana da amfani ta wata fuska, domin tayar da ke jure gudu mai yawa ta fi iya jure zafi. Kada ka sauka ƙasa da harafin da kamfanin motar ya rubuta. A tayoyi da yawa za ka kuma ga kalmar Temperature da A, B ko C a gabanta. A ce ta fi jure zafi. C a bar wa masu ita.

Shekarun taya

Taya tana tsufa ko ba a hau ta ba. Robar tana bushewa, rana da zafi suna gaggauta abin. Nemi haruffan DOT a gefe, ka bi rubutun har ƙarshe, za ka ga lambobi huɗu, sau da yawa cikin ɗan zagaye. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. 3519 na nufin mako na 35 na shekarar 2019. In ba ka gani a gefe ɗaya ba, juya ɗaya gefen. In lambobi uku ka gani, an yi tayar kafin shekarar 2000, sai dai a yanka ta a yi takalma ko gugar rijiya. In kuwa ka ga an kankare wurin, ka san dalili.

Kamfanin Michelin yana ba da shawarar a riƙa kai taya wurin masani kowace shekara da zarar ta yi shekara 5 tana aiki, kuma a cire ta in ta kai shekara 10 ko da zanenta yana nan. A Dubai, inda zafinsu ya yi kama da namu, ba a yarda da tayar da ta wuce shekara 5 ba. Hukumar kiyaye haɗurra ta Najeriya ma shekara 4 take faɗa wa direbobi. Tayar hunturu kuwa, da yake rabin shekara kawai take aiki a can, ta kan daɗe ƙwarai kafin zanenta ya ragu. Shi ya sa za ka tarar da mai shekara 8 ko 9 tana sheƙi a rumfa, an wanke ta an shafa mata mai.

Ba na cikin masu cewa kowa ya sayi sabuwa ko ya ajiye mota. Mun san halin aljihu. Amma in okaziyo za ka saya, ka sa a fito da ita rana. Lanƙwasa gefen ka ga ko akwai ƙananan tsagewa kamar fason ƙafa. Shafa hannu ka ji ko akwai kumburi, domin kumburi yana nufin zaren ciki ya tsinke, kuma ba ya gyaruwa. Leƙa cikinta ka ƙirga faci; facin da ke kan zane ana iya zama da shi, na gefe kuwa a'a. Cikin ramin zanen akwai ƴan tudu da aka yi da gangan, in zanen ya zo daidai da su tayar ta ƙare. Sannan ka lura da zanen da aka sake sassaƙawa da wuƙa mai zafi don ya yi zurfi: bakinsa yakan yi kaifi, zurfinsa ba ya daidaita, wani lokaci har ka hango waya. Tayoyin manyan motoci da aka rubuta wa Regroovable kaɗai aka yi don haka. Sau da yawa sabuwar taya ƴar Sin ko ƴar Indiya mai lambar nauyi daidai ta fi tsohuwar mai babban suna da ta shekara tara.

Wace iri, don wace hanya

Nan sai kowa ya dubi inda motarsa ke kwana da inda take yini. Wanda zirga-zirgarsa ba ta wuce kwaltar hanyar ƙasa lamba 1 ba, Madawa zuwa Maraɗi ko Ƙonni, tayar rani ta yau da kullum ta ishe shi, ko H/T in babbar mota ce. Ta fi shiru, ta fi tsimin mai, ta fi kama birki.

Wanda ya nufi arewa, Buza, Keita, Tamaske, yana kuma sauka daga babbar hanya zuwa kasuwannin Karofane, Tabotaki, Garhanga ko Ibohamane, lissafinsa daban ne. Ƙasar Adar tudu ce da kwari. A kan fako akwai baƙin dutse mai kaifi, irin wanda matan Keita suka yi ta ɗauka a ka suna jera shingayen tare ruwa tun da aka fara aikin Projet Keita a 1984. Dutsen da ya raya gonaki shi ne ke yanka gefen taya. In ka gangara kwarin Majiya sai yashi da rani, laka da damina, ga ƙayar aduwa a ko'ina. Irin wannan hanya tayar A/T take so, mai ƙarfin gefe, in da hali mai C ko LT. Tayar hunturu a nan ta fi ko'ina shan wahala, domin dutse yana ɓantare robarta mai laushi gutsure-gutsure.

Akwai masu sayen ta musamman don damina, suna cewa tana kama laka. A kan jiƙaƙƙiyar kwalta ba laifi, tana korar ruwa. Amma a lakar fadama ƙananan tsagoginta nan da nan suke toshewa, ta koma sumul. Laka manyan haƙora masu tazara take so, irin na M/T. Ita kuma M/T tana da nata aibin: ƙara a kan kwalta, shan mai, da nutsewa cikin yashi domin tona take yi. Sai wanda aikinsa ya tilasta masa shiga ƙauyuka a watan Agusta, kamar motar asibiti ko ta masu aikin gona. Kuma babu tayar da ke ƙetare ƙorama in ta kawo. Wannan sai haƙuri a jira ruwa ya wuce.

Kowace iri ka zaɓa, ƙafafu biyu da ke jere, na gaba ko na baya, su zama girma ɗaya, iri ɗaya, zurfin zane kusan ɗaya. Tayar hunturu a hagu, ta rani a dama, mota za ta fizge gefe in an taka birki da ƙarfi. Motoci masu jan ƙafa huɗu kullum sun fi son duka huɗun su zama ɗaya. In biyu kawai kuɗinka ya kai, masu ƙera taya sun ce a sa sababbin a baya. Na san yawancin direbobinmu gaba suke sawa, suna tsoron fashewar gaba. Amma in baya ta zame a kan jiƙaƙƙiyar hanya, motar juyawa take yi, sitiyari kuma ba ya ceto. In ka ga kibiya da kalmar Rotation, tayar hanya ɗaya take juyawa, sai ka tsaya kan mai faci ya ɗaura ta daidai.

Saura iska. Akwai wata al'ada da ta zama ruwan dare: da zafi ya tsananta sai direba ya rage iska wai kada taya ta fashe. Abin a juye yake. Tayar da iskarta ta gaza ita ce ke lanƙwasa tana zafi har ta tarwatse. A auna da safe kafin mota ta yi tafiya, a bi abin da takardar ƙofa ta ce, yawanci tsakanin kilo 2 da 2,5 ga ƙananan motoci, tayoyin C kuwa sun fi haka nesa, musamman da lodi. In ka auna bayan doguwar tafiya za ka ga ta ƙaru da kusan 0,3, wannan daidai ne, kada ka sace ta. Dukan taya da ƙarfe a saurari ƙara ba awo ba ne. A yashi mai zurfi ana rage iska don tayar ta baje, amma da an fito a mayar, tun kafin a hau dutse ko kwalta.

Wanda ya karanta wannan ya fita ya tarar da hoton dutse a ƙafafun motarsa, ba sai ya zubar da su yau ba in shekarunsu da lambar nauyinsu suna daidai. Ya rage gudu, ya rage lodi, ya bar tazara tsakaninsa da na gaba, ya guji doguwar tafiya tsakanin azahar da la'asar a watannin bazara, ya fara tara kuɗin canji kafin Maris. Ya kuma fito da safaya, wadda wasu ke kira sekur, ya karanta lambobinta ita ma, domin yawanci ita ce mafi tsufa a cikin biyar ɗin.